Lakar da ke Ƙarƙashin Lamba

Shekara talatin da huɗu ya yi yana sauka matakala ɗari da goma sha biyu kowace safiya. Yakan tsaya gaban wani dogon ƙarfe mai zane-zane da aka kafa a jikin madatsar ruwa, ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta. Aikin ke nan. Zamanin da aka ɗauke shi aiki, da ƙafa da inci ake awo, kuma ko da aka koma mita bakinsa bai koma ba, shi ya sa ma'aikata suke ce masa Baba Inci. Da fensir yake rubutu, don tawada takan baje in takarda ta ji laima.

Lambar nan tasa ba abin rainawa ba ce. Kusan kashi shida cikin goma na wutar ƙasar daga injuna uku na madatsar take fitowa. Akwai filin faifan sola a bayan tudu, yana taimakawa da rana, amma da la'asar ta yi sai ya naɗe tabarmarsa. Sauran na gas ne, shi ma ba kullum ba. Saboda haka da rani, lambar da Baba Inci ya rubuta ita ke gaya wa manya injuna nawa za su kunna, don ruwan ya kai su damina.

A shekararsa ta ƙarshe aka kawo na'urar da ke awo da kanta. Bai yi fushi ba. Ya gwada lambarta da tasa har wata guda, suka yi daidai, ya ce na'urar yarinya ce mai tarbiyya.

Abin da ya dame shi zalɓe ne. Wata safiya ya hango shi tsaye a tsakiyar tafki, ruwa ko gwiwarsa bai rufe ba, a wurin da a da gorar masunta ba ta taɓa ƙasa.

Ya hau ofis wajen sabuwar injiniya, wadda a haife ya haife ta.

"'Yata, a kashe inji ɗaya. In ba haka ba ruwan nan ba zai kai mu damina ba, duka ukun za su tsaya."

Ta juyo masa da kwamfuta. "Baba, ga lamba. Taka ce ma, ba tawa ba. Ko ka fara ƙaryata kanka?"

"Lamba gaskiya take faɗa. Amma saman ruwa take gani. In kika zuba ƙasa rabin tulu kika cika shi da ruwa, ai a cike yake."

"Shaidarka?"

"Zalɓe."

Ta yi dariya har da riƙe baki. "To, in rubuta wa hedikwata cewa tsuntsu ne ya ce?"

"Rubuta musu abin da kika gani. Kina tsoron kwalekwale?"

Tana tsoro, amma ta shiga. Ya tuƙa su har tsakiya, ya miƙa mata gora, ya ce ta soka. Ta soka da ƙarfi, kamar mai jiran zurfi, gorar ta tsaya cak, saura kaɗan ita kanta ta faɗa ruwa. Da ta zaro, baƙar laka ce har rabi. Taswirar da ke manne a bangon ofishinta ta ce zurfin wurin ya kai tsayin bene mai hawa biyu. An zana ta tun kafin iyayenta su yi aure, kogi kuwa bai fasa kwaso ƙasa yana zubawa ba ko shekara ɗaya. Sun soka wuri goma sha bakwai, duk laka suka tarar. Ba ta sake dariya ba.

Bayan mako guda aka kashe inji na uku, aka fara raba wuta: unguwa ta samu yau, ta rasa gobe. Gari ya ɗauki zagi, ga zafi. A gida ma bai tsira ba. Ƙanin matarsa, mai walda, ya zo ya zauna a tsakar gida yana fifita da kwali.

"Yaya, an ce kai ne ka kashe mana wuta. Mutane suna ritaya su bar abin tunawa, kai duhu ka bari."

"Rabin wuta ya fi babu."

"Ka je ka gaya wa injin waldata."

Matarsa tana kwashe abin da ya narke a firji ta ce, "Bar shi, ɗan'uwana. Shekara talatin ina auren ruwa, yau ga shi har cikin ɗakin girkina."

Ƙarshen wata ya yi, aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya koma gida. Damina ta yi jinkirin kwana goma sha tara. Ranar da ruwan farko ya sauka yana ƙarƙashin rumfa yana gyara ƙafar kujera, wayarsa ta yi ƙara. Injiniya ce.

"Baba, injuna biyu suna juyawa. Ruwan kwana uku ya rage mana."

"Madalla. Lakar fa, za a kwashe?"

"Na rubuta musu."

"To," in ji shi. Ya ajiye waya, ya nemi inda ƙusa ta faɗi.