Igiyar Ado a Inda Sabi'u Ya Zame

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye a kasuwar Canaan ina duba kaya aka kira ni a waya, wai Sabi'u ya rasu.

Sabi'u Mai-jins, abokina, maƙwabcina a unguwar Sanyuanli. Jiya Lahadi ya zame a cikin kogon dutsen nan da ake kai baƙi yawon buɗe ido a arewacin gari, ya faɗo ya bugu a ka. Yau ya cika a asibiti.

Wallahi ba kuka ne kaɗai ke cina ba. Raina a ɓace yake.

Mutanen gida, bari in gaya muku yadda abin yake. A nan in ka gama ciniki da mai masana'anta, wanda suke kira laoban, sai ya ɗauko mota ya kai ku yawo don karramawa. Ƙin zuwa wulaƙanci ne. Mu kuwa da mun ji gayyata sai shadda mai sitaci, hula, da takalmin fata sau-ciki wanda ƙasansa sumul yake. Haka muke shiga ramin da ruwa ke ɗiga ta ko'ina, kamar masu zuwa ɗaurin aure. A bakin ƙofa ana ba da aron takalmin roba mai kama ƙasa, amma wane Alhaji ne zai tuɓe takalminsa ɗan Italiya ya saka wanda wani ya cire yanzu?

Wannan laifinmu ne, na yarda. Ga na masu kogon.

A tsakiyar kogon akwai wani hawa a miƙe, matakalar da aka sassaƙa a jikin dutse, kullum a jiƙe, santsi kamar an goga sabulu. Duk wanda ya je bara ya san akwai sarƙar ƙarfe a kafe a bango, ita ake riƙewa a hau. Bana da aka tashi gyara don baƙin Olympics sai aka cire ta. Aka sa fitilu ja da kore, aka raɗa wa kowane dutse suna, a gurbin sarƙar kuma aka rataya wata jar igiya mai tutoci. Kyan ɗan maciji. Sabi'u ya zame ya cafke ta, ta tsinke ta biyo shi.

Kuna da kuɗin fitila, ba ku da na ƙusa? Kowace rana motoci cike da mutane, har da tsofaffi, kuna sayar da tikiti kuna murmushi. Allah ya isa.

Ranar da na fara sauka garin nan ko gaisuwarsu ban iya ba. Sabi'u ne ya ja ni zuwa Xintang, garin masu ɗinka jins, shago shago, yana juya wando yana jan ɗinki har sai mai kaya ya ɓata rai. Yakan ce, "Ɗanlami, kada gaban kaya ya ruɗe ka, juya ka ga ciki."

Da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya tuƙa mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Kukar ma ita ce ta ƙarshe a jakarsa.

Ko sau ɗaya bai taɓa gorantawa ba.

Tun safe ake ce mini, "Haƙuri, ajali ne." Na sani. Ni ma Musulmi ne, ba yau na fara jin ƙaddara ba. Amma Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma ba ƙaddara ce ta zo da sifana ta kwance sarƙar nan ba, mutum ne.

Yanzu ga abin da ke cin raina, gara in faɗa da bakina.

Sati uku da suka wuce na je kogon. A daidai wurin nan na zame, na fasa gwiwa. Na nuna wa ɗan jagoran bangon, na tambaye shi sarƙa, ya ce "meiyou", wato babu, ya wuce abinsa. Na dawo, maimakon in yi gargaɗi sai na mai da abin labarin ban dariya, don kada a ce ɗan Fagge ya ji tsoron rami.

Ranar Laraba muka haɗu da Sabi'u a matakalar Canaan, yana rungume da samfur. Ya ce, "Laoban ɗina ya ce kogo ran Lahadi. Kai da ka je, wurin ya yi?"

Na ce, "Ya yi mana. Ka dai riƙe hularka."

Ya yi dariya ya ce, "Ragon banza, in na dawo zan koya maka hawa."

Rabuwarmu ke nan.

Na ji an ce ranar Asabar akwai wata mota da za ta kwashi 'yan'uwanmu na Maraɗi zuwa kogon. Don girman Allah kada wanda ya shiga. In laoban ya ji haushi ya ji, ku ce masa sai an mayar da sarƙa. Zan zo bakin motar da kaina, wanda ya ga dama ya ce na cika zaƙewa.

Allah ka jiƙan Sabi'u, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa mata biyu haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ɗaya ce.

In kun gama, ni ma ku roƙa mini gafara. Ya tambaye ni, na san amsar, na ba shi wasa.