Ashanar da Didina Ta Ba Ni Ajiya

Didina ce ke juya mu. A hawa na uku na gidan tsofaffin nan, bayan tsohon kamfanin sukari, mu mata talatin da shida ne, kuma goma sha ɗaya daga cikinmu ba ma iya juyawa da kanmu. Ni ce mai gado na huɗu. Sunana Aglaia. Shekara talatin na yi ina sayar da tikitin jirgin ƙasa a garin Vaslui, ina daka wa ƙarti tsawa ta ƙaramar taga, yau ga ni sai an ɗaga ni kafin in yi fitsari. Ɓarin jikina na hagu ya shanye shekara uku ke nan. Bakin ne ya ƙi mutuwa, kowa a gidan nan shaida ne.

Didina gajeriya ce, kakkaura, shekararta hamsin da bakwai, ƙafafunta duk jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu. Tana da shekara sha shida ta bar ƙauyensu ta shiga masaƙa, ba ta fito ba sai ranar da aka garƙame ƙofar masaƙar. Ƙawayenta suka kwashe zuwa Italiya jinyar iyayen wasu. Ita ma ta yi fasfo, har ta ɗaure jaka, sai mijinta Toader ya faɗo daga kan rufin wani gida da yake gyara. Shekara tara yana kwance. A jikinsa ta koyi aikin nan, yadda ake cusa hannu ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu a mirgina mutum ba a ji masa ciwo ba, da yadda ake gane fatar da ke shirin ɓallewa tun kafin ta yi ja. Da ya rasu ta zo nan neman aiki, suka ɗauke ta a ranar. 'Yarta ɗaya tana Sifen, ana jin muryarta a waya ranar Lahadi.

A takarda ma'aikata uku ne a hawanmu. Biyun nan da ke cikin takarda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ranar hutun Didina akan turo wata daga hawan maza ta leƙo, ta ajiye mana tuwon masara da miyar kabeji, ta ce tana zuwa. Bara da mura ta kwantar da Didina kwana takwas, kwana takwas na yi a kan gefe ɗaya. Da ta dawo ta yaye bargona, sai ta ja da baya ta toshe hanci. Gyambo ne a ƙuguna, har ana hango fari a ciki. Wata huɗu tana wanke shi da ruwan gishiri safe da yamma kafin ya rufe, ni kuwa babu irin zagin da ban yi mata ba.

"Kashe ni za ki yi, 'yar banza!"

"In kashe ki in huta? Ai ba ni da wannan sa'ar, Inna Aglaia. Riƙe ƙarfen gadon."

"Hannun nan naki kamar na mai fasa dutse."

"Naki mai laushin sai ki miƙo ki wanke da kanki."

Haka muke, kuma ina sonta. Ban taɓa gaya mata ba.

Akwai wani aikin da take yi wanda babu wanda ya ɗora mata. A wurinmu mutum ba ya barin duniya babu kyandir a kunne a hannunsa. Wanda ya cika babu haske, a can ma cikin duhu zai yi ta lalube, kuma babu sadakar da za ta gyara wannan sarai. 'Ya'yanmu suna Italiya da Jamus, wa zai riƙe mana? Didina kullum da guntun kyandir da kwalin ashana a aljihun rigar aikinta. Da ta ji numfashin wata ya canja, sai ta ajiye bokiti, ta kunna, ta damƙa mata, ta rufe hannun da nata har a gama. Mun fi dogara da aljihun nan nata a kan likitan da ke zuwa sau ɗaya a wata.

Sai gobara ta tashi a wani gidan tsofaffi can kudu, mutane suka ƙone a kan gadajensu. Umarni ya zo daga sama cewa kada a sake ganin wuta a ɗakunan kwana. Shugabar gidan, Madam Otilia, ta bi mu durowa durowa da jakar leda tana kwashe kyandira da ashana. Ƙofar gudun gobara da ke ƙarshen baranda kuwa tana nan da sarƙa da kwaɗo, don kada masu ruɗewa su fice. Wayar wutar da ke saman gadona tana nan tsirara, tana tartsatsi duk ranar da aka yi ruwa. Na nuna mata, ta ce an rubuta. Bayan mako guda ta raba mana wasu 'yan kyandira na roba masu batir, wutarsu tana ƙyaf-ƙyaf.

Profira, maƙwabciyata mai gado na biyar, ta juya nata a hannu ta ce, "Yanzu da wannan zan je gaban Ubangiji? In batirin ya ƙare a hanya fa?"

Duk ɗakin muka yi dariya, ita ba ta yi ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce da ta ƙare rayuwarta tana kiwon zuma a bayan gida. Da kakin zumarta ta murza kyandir ɗinta tun tana da ƙarfi, ta kai coci aka sa masa albarka. Ranar binciken a cikin safarta ta ɓoye shi. Ba ta tsoron mutuwa ko kaɗan, duhun nan kawai take tsoro, kuma kullum da safe sai ta kama gefen rigar Didina.

"'Yar nan, ba za ki bar ni ba ko?"

"Ba zan bar ki ba, Inna. Sha kununki."

A watan Maris Didina ta kunna wa wata tsohuwa a ɗakin da ke kallonmu. Kaki ya ɗiga a zanin gado, masu wanki suka kai wa Madam Otilia. A gabanmu ta tsayar da Didina, ta ce wannan ne gargaɗi na farko kuma na ƙarshe, in aka sake, ranar za ta kwashe kayanta. Daga nan kullum da safe sai an zazzage aljihunta a bakin ƙofa.

Sai Didina ta farke matashin Profira ta ɗinke kyandir ɗin a ciki. Ashanar kuma ta tura ƙarƙashin katifata ta hannun dama.

"Madam ba ta kusantar gadonki," in ji ta. "Bakin nan naki ya fi kare gadi."

Na amshi ajiyar da alfahari. Amma ina da lokacin tunani, shi kaɗai nake da shi da yawa. Kullum in ta mirgina ni ta shafa mini mai a tabon ƙuguna, sai in tuna kwana takwas ɗin nan. In aka kore ta, ba kwana takwas ba ne. Na ga yadda gyambo ya cinye mata biyu a ɗakin nan tun kafin zuwanta, na ji warinsu, na ji kukansu. Profira minti biyar take bukata. Ni kullum nake bukata, sau shida a yini. Haka na yi ta auna abin, kuma duk sanda na auna sai ya rinjaya wajena.

Ranar wata Talata ce a watan Mayu, bayan abincin rana. Didina ta juya ni ina fuskantar gadon Profira ta tafi wanke kwanuka. Na ji numfashin Profira ya fara wannan ƙarar da duk mun sani. Daga baranda kuma ina jiyo takalmin Madam Otilia, tana zagayawa da wasu mata da miji da suka zo duba wa mahaifiyarsu wuri, saura ɗaki biyu su iso namu. Na zura hannuna mai rai ƙarƙashin katifa, na zaro kwalin, na cusa shi ƙarƙashin ƙuguna. Sannan na ƙwala wa Didina kira.

Ta shigo hannunta da kumfa. Kallo ɗaya ta yi, ta fizge ɗinkin matashin da haƙori, ta sa kyandir a hannun Profira.

"Inna Aglaia, ashana."

"Babu. Madam ta ɗauke jiya, ba kya nan."

Ta cusa hannu ƙarƙashin katifar ta laluba har gwiwar hannu. Ta dube ni, ta dubi ƙofa.

"Riƙe da kyau, Inna Profira, yanzu zan dawo."

Kicin yana can ƙasa, hawa uku, kuku mai dafa mana abinci ne kaɗai mai shan taba a gidan. Na ji ƙafafunta masu nauyi suna dukan matakala. Profira ta riƙe kyandir ɗinta da hannu biyu a kan ƙirji, idonta a buɗe.

"Aglaia," in ji ta, "ta kunna?"

Na ƙura wa kyandir ɗin ido.

"Ba na gani. Aglaia, ta kunna?"

Da zan iya juya baya da na juya. Amma yadda aka ajiye ni haka nake zama, don haka na kalla har ƙarshe, kwalin yana tokare da ƙashina. Baƙin ma ba su shigo ɗakinmu ba. Madam ta ji ƙarar numfashin daga waje, ta ja musu ƙofa ta wuce da su gaba.

Didina ta dawo tana haki da abin kunna tabar kuku a hannu. Ta tsaya a bakin gadon. Ba ta kunna ba, don babu sauran amfani. Ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon. Tunda nake ban taɓa ganinta a zaune ba sai ranar.

Ƙarfe huɗu lokacin juyi ya yi. Ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗata da ƙuguna ta mirgina ni, sai ga kwalin ya lotse, ya bar shatinsa a fatata. Ta ɗauka ta daɗe tana kallonsa.

"Saboda ke na yi," na ce. "Da yanzu kina kan titi."

"Saboda ƙugunki kika yi. Ɗaga hannu."

Ta ɗebo mai ta murza wurin da kwalin ya danne, a hankali, har jini ya dawo, don kada ya zama gyambo.

Wata biyar ke nan. Ba ta taɓa makara da juya ni ba, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wasan ne ya ƙare. Ina zaginta ba ta ramawa, har na daina. Tun shigowar sanyi ƙirjina yake yi mini nauyi, likita ya saurara ya ce shekaru ne. Makon jiya tana canja mini zanin gado na yi ta maza na tambaye ta.

"Didina, ni fa? In tawa ta zo?"

Ta gama soke zanin ƙarƙashin katifa kafin ta amsa.

"Zan kunna miki, Inna. Ban taɓa hana kowa ba." Ta ɗauki bokitinta. "Amma kin san ana zazzage aljihuna. Ki duba ɗakin nan, ki gaya mini wa zan ba ajiyar ashanar."

Na duba. Gado shida ne, kuma dukanmu ita ke juya mu.