Bindigar da Ban Saya wa Ƙanena Ba

A shekarun da na yi ina gyaran mukayyif a Makka, wato na'urar sanyaya ɗaki, abokin aikina wani dattijo ne Ba'indiye, Musulmi, mai surutun tsiya. Shagonmu yana unguwar Utaibiyya. Larabcinsa a karye yake, nawa ma haka, amma da Larabcin nan muke aiki, da shi muke faɗa.

Can garinsu ya taso ne cikin maƙwabta masu wani addini da ya hana cutar da duk wani mai rai. Ahimsa suke kiran abin. Yakan ce malamansu sai sun share hanya kafin su taka, kada su murƙushe tururuwa. Shi dai bai bar sallarsa ba, nama ma yana ci, amma halin ya shige shi. In muka tarar tantabara ta yi sheƙa a bayan mukayyif, to aiki ya tsaya sai ya nemo kwali ya kwashe ƙwan. Mai gida na huci a ƙasa, ni ina zufa a kan tsani.

Lokacin ne ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyenmu a Zamfara. Wata azahar muna cin shinkafa a ƙofar shago ƙanena ya kira. An kore shanun gidanmu, an harbe ɗan baffanmu a gona.

"Yaya, ba ta'aziyya nake so ba," in ji shi. "Bindiga nake so. Duk wanda ke da ɗan'uwa a Saudiyya an aiko masa. Ni kaɗai ne zan fita da gora?"

Na ce ya ba ni lokaci. Da na ajiye waya dattijon ya ga na kasa ci, ya tambaya, ni kuma na yi wautar gaya masa.

Daga ranar na rasa sukuni. A mota, a kan rufi, a layin shayi, magana ɗaya. Wai maƙwabtan nasa sun ce kisa iri uku ne: ka yi da hannunka, ka sa a yi, ko a yi ka ji daɗi. "Sadik," haka yake kirana, wato aboki, "in ka saya, yatsanka ne a kanta, ko kana gaban Ka'aba."

Na ce, "Baba, ka taɓa jin ƙarar babura sun zagaye gari? Mutanen nan naka da ko albasa ba sa ci don gudun kashe mai rai, kawo su dajinmu su yi wa ɓarawo wa'azi mana!"

"Bindigar ta san ɓarawo?" ya tambaye ni. "Ƙanenka ya san fuskar wanda ya harbi ɗan baffanku?"

Ƙanena bai sani ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, kuma dattijon bai ma ɗago daga wayar wutar da yake fiƙewa ba.

Ranar Juma'a 'yan yankinmu suka taru gidan kawuna a unguwar Hindawiyya. Kawu ya yi shekaru masu yawa bai taka gida ba, 'ya'yansa ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba, amma shi ya fi kowa zafi. Yana jingine da matashi, sanyi na hura shi, yana cewa a gama da ɓarayin duka har rugagensu. Na ce, "Kawu, a rugagen nan akwai waɗanda muka yi kiwo tare da su." Ya dube ni ya ce ashe zama da Ba'indiye ya mai da ni mace. Aka yi dariya. Na ɗauki takalmina na fita, ina jin haushinsu, ina jin haushin dattijon da ya cusa mini maganar.

Ban aika kuɗin bindiga ba. Na ce a kama wa innarmu ɗaki a Gusau, a kwashe mata da yara. Ƙanena ya daina ɗaga wayata. Bindiga kuwa ya samu, Kawu ya saya masa.

Kafin aikin hajjin shekarar, 'yan sa-kan ƙauyenmu suka tare wani saurayi Bafulatani ranar kasuwa suka harbe shi. Uwarsa ce ke kawo wa innarmu nono tun muna yara. Ba wanda ya taɓa ganinsa da sata. Ban san ko ƙanena ne ya harba ba, har yau ban tambaye shi ba. Bayan haka ɓarayin suka dawo a kan babura suka ƙone rabin gari. Ƙanena ya tsira da rauni a cinya, ya iske inna a Gusau.

Da na gaya wa dattijon, na ɗauka zai ce ai ya faɗa. Da ya faɗi haka da na samu wanda zan sauke wa fushina. Sai ya cire tabarau yana share ido.

Na ce, "To yanzu gaya mini. Kar a saya, na ji. In sun zo fa? Me mutum zai yi?"

Ya ce, "Wallahi sadik, ban sani ba."

"Ba ka sani ba? Ka hana ni sakat wata da watanni, ba ka sani ba?"

Ya ce abin da bai kamata a yi ba kawai ya sani. Na tashi na bar masa shagon, na je na zauna a masallacin unguwa har la'asar. Da na dawo ana jiranmu a wani gida a unguwar Shisha, mukayyif ya mutu kuma akwai tsohuwa marar lafiya. Muka ɗora kaya a mota. Ni na tuƙa, yana gefena, har muka isa.