Mangwaro a Gonar Aro

A wani hutun damina na koma Doguwa da aikin da malamin tarihi ya ba mu a jami'a: rubutu a kan wani sarkin ƙasar Suwazi, can kudancin Afirka, wanda ya yi mulki a zamanin Turawa. A ɗakin kakata nake karatun, don ita ta raine ni tun da mahaifina ya rasu ina goye. Inna nake ce mata. Ciwon ƙafa ya hana ta nisa, sai dai ta zauna bakin ƙofa tana tsintar wake, hadari na haɗuwa a kan duwatsu.

"Wai wa kike yi wa murmushi a takardar nan? Saurayi ne?"

"Sarki ne, Inna. Yana jariri aka naɗa shi."

"Jariri? To wa ke riƙe masa kan, balle rawanin?"

Na ce kakarsa ce ta riƙe masa ƙasar har ya girma, ita ta sa shi a makaranta. Inna ta ture faifan gefe. Na ba ta labarin yadda wani sarki kafin shi ya bar Turawa su yi kiwo a ƙasar. Mutanensa sun ɗauka aro ne, Turawa kuwa suka ce tasu ce. Da yaron ya girma ya tsallaka teku ya kai kuka har garinsu, ya dawo hannu rabbana. Bai ɗaga takobi ba. Jama'arsa suka riƙa haɗa ƙarfi suna fansar ƙasar gutsure-gutsure, shi kuma ya yi ta haƙuri har ya tsufa, ya ga tafiyar Turawan da idonsa.

"Allah sarki. Ita tsohuwar ta ga dawowar ƙasar?"

"Kaɗan ta gani."

Ta jawo faifan wakenta. Don in sake mata zance, sai na ɗauko labarin gonata, wadda na gada daga mahaifina. Da ƙafar Inna ta gaza, ta ba maƙwabcinmu aronta, wani dattijo mai yawan fara'a da nake kira Baba. Na ce na bi ta can da safe, masara ta yi kore shar, har ya dasa 'yan mangwaro a gefen rafi, jajayen ganyensu kamar an shafa musu mai.

"Ya dasa me?"

A wajenmu mai aron gona yana shuka abin da za a girbe a shekara, amma ba ya dasa itace. Itace na daɗewa fiye da shaidu. Ranar da babu Inna babu Baba, 'ya'yansa za su nuna mangwaron su ce ubansu ne ya dasa, kuma gaskiya suka faɗa.

Washegari ta sa aka kira mai babur. Shekaru rabonta da hanyar nan. Na zauna bayanta na rungume ta, sai na ji ashe ta yi ƙanƙanta haka. Ta aika wa mai unguwa, ya same mu a can.

Baba ya jefar da fartanya ya durƙusa. Suka gaisa har na gaji da tsayuwa. Sannan ta nuna 'yan itatuwan da sandarta.

Ya dube su, ya dubi mai unguwa, ya sunkuyar da kai. "Wallahi Inna, inuwa na yi wa sha'awa. Yanzu zan tumɓuke su."

"Kai, ina! Me suka yi maka? Miƙo wa 'yar boko fartanya, mu ga ko biro ya bar mata hannu."

Ta sa na haƙo su ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, na matsa da su taku kaɗan, na sake binnewa da hannuna. Baba ne ke nuna mini yadda zan kauce wa saiwa, yana dariyar yadda na riƙe ƙotar. Laka ta ɓata mini zane har gwiwa.

"Mai unguwa, ka ga wadda ta dasa?"

"Na gani, Inna."

"Kai kuma ci gaba da nomanka. In sun yi 'ya'ya, jikokinka su sha."

Baba ya ɗebo ruwa a rafi ya miƙo mini bokitin, na zuba wa kowanne. Inna ta zauna a kan kunya ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta tafa ƙasar da tafin hannunta a hankali. Ta ce kada a kira mai babur tukuna, tana so ta ɗan ƙara zama.