Ƙanƙarar Mangwaron da Ban Kai Dingaya Ba

Da shigowar bazarar nan Inna ta cika shekara bakwai da rasuwa. Mahaifiyata ce, a Dingaya ta ƙasar Gwaram ta yi rayuwarta, a can kuma aka binne ta. Masu irin wannan rubutu sukan jero kyawawan halayen mamaci, ni kuwa laifina na zo faɗa. Inna ta so shan ƙanƙarar mangwaro daga hannuna, ta yi bazara uku tana jira, ban kai mata ba. Na san wani zai karanta ya yi dariya, ya ce Malama ta rasa abin kuka sai ƙanƙarar leda. Ya yi dariyarsa, ni dai abin yana nan yana damuna.

Ni ce 'yarta ta fari, Inna kuwa mutumiyar da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tun da aka yaye ni Gwaggo, ƙanwar babana, ta ɗauke ni riƙo zuwa Birnin Kudu. A nan na yi makaranta, a nan na yi aure, a nan nake koyarwa a firamare har yau. In Inna za ta ambace ni sai ta ce "ta Birnin Kudu". In na je gida na durƙusa na gaishe ta, gefe take kallo ta amsa, sannan ta tambayi ƙanwata Rabi ko an ba baƙuwa ruwa. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta aike na, balle ta buɗe baki ta ce in ba ta wani abu. Kuma duk gidan an san ba ƙi ba ne. Mangwaron farko da ya nuna a bishiyar bayan ɗakinta ni ake aiko wa a buhu, da saƙon wai na yara ne.

Da wannan mangwaron na koyi yin ƙanƙara, shekarar da Malam, maigidana, ya sayo mana firiza 'yar gwanjo. Mangwaron ɗan ƙarami ne mai zare, wanda 'yan birni ke raina wa, amma a zaƙi babu na biyunsa. Sai in wanke, in ɓare, in matse shi da hannu a cikin roba har ƙwallon ya fita fari, in tace da rariya saboda zaren. In zuba ruwan tsamiya kaɗan don ya tsinke zaƙin, da 'yar citta, sukari kuwa sai dai a nuna masa. Daga nan in ɗura a ƙananan ledoji, in ƙulle bakin, in jera su a kwance. In an yi sa'a wuta ta tsaya yini da kwana, sai su daskare su yi tauri. Ba sayarwa nake yi ba, na 'ya'yana ne da maƙwabta da masu biki. Kuma in faɗi gaskiya ina jin daɗin a ce duk unguwa babu mai hannuna.

Ranar sunan ɗana na uku aka yi abin. Tsakiyar bazara ce, zafi kamar a bakin murhu, mata sun cika gida suna fifita da bakin mayafi. Inna ta zo da 'yan Dingaya, ta samu lungu bayan ɗakin girki ta zauna, inda ba za mu haɗa ido ba. Na sa aka raba ƙanƙara. Can na zagaya ɗauko tsintsiya, sai ga Inna da guda ɗaya. Ta naɗe ta da bakin zaninta saboda sanyi, ta huda gefen ledar, tana tsotsa a hankali, idonta a rufe. Ban taɓa ganin uwata tana jin daɗin wani abu ba sai ranar.

Mai hankali da ya juya kamar bai gani ba. Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki, ga tashin birni, ga murnar jego. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku zo ku ga tsohuwar Dingaya da ƙanƙarar yara!" Mata suka kwashe da dariya, wasu har da tafi. Inna ta ajiye ledar a ƙasa, ta ce wa ta kusa da ita wai dama riƙe wa wata yarinya take yi. Na ɗauki tsintsiyata na wuce, ina ganin na yi raha. Da yamma ina shara na ga ledar a inda ta ajiye ta, ta narke, tururuwa sun yanyame ta, ko rabi ba a sha ba.

Da bazara ta zagayo, direban bas ɗin Gwaram da ya saba kawo mana saƙo ya sauke mangwaro a ƙofar gida. Amma wannan karon ba a buhu ba. A cikin kula ne, sabuwa fil, shuɗiya, irin babbar nan mai murfi da ke riƙe sanyi. Saƙon bai canja ba, na yara ne, sai dai an ƙara da cewa a mayar da kular ranar kasuwa mai zuwa. To kowa ya san ba a mayar da mazubi haka nan, sai an sa wani abu a ciki. Na wanke ta tas, na jera sabulu sanda huɗu da ƙullin sukari da ganyen shayi, na ba direba. Har ina yaba wa kaina, wai na fita kunyar tsohuwa. A daidai lokacin nan firizata cike take da ƙanƙarar mangwaronta.

Bazara ta biyu ma haka. Kula ta zo da mangwaro, ta koma da sabulu, na ƙara da turmin atamfa. Na tuna ma na yi wa Malam tsegumi, na ce mutanen ƙauye in sun samu sabon abu ba su san amfaninsa ba, dubi Inna ta mai da kula kwando. Malam ya ɗago daga littafinsa ya ce ko dai akwai dalili, na ce wane dalili, tsufa ne kawai. Ban ƙara tunanin abin ba.

A ta uku Inna ba ta da lafiya. Abinci ba ya wuce mata, ko kunu sai da lallashi, kullum tana cewa cikinta zafi yake. Na je dubiya sau biyu, na kai magani, ta amsa gaisuwata tana kallon bango kamar kullum. Duk da haka da mangwaro ya nuna ta sa aka kaɗo, aka cika kula, aka ba direba. Washegari Rabi ta kira ni a waya, muka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce, "Yaya, in za ki mayar da kular nan, ki sa mata abin da ya dace da ita." Na ce sabulun ne ya yi kaɗan ko kuwa atamfar ce ba ta yi ba? Ta ce a'a, ba komai, sai anjima.

Nan ne inda ba ni da mafita, don a ranar tunanin ya zo mini. Na buɗe firiza, na ga ledoji a jere, na ce ai mara lafiya mai jin zafin ciki zai so wannan. Sai na ce wa kaina za ta narke kafin ta isa, daga nan zuwa Gwaram, sannan a hau babur zuwa Dingaya cikin wannan rana. Ƙarya nake yi wa kaina. Watanni kaɗan kafin nan na kai ƙanƙara har cikin garin Gwaram, bikin 'yar shugabar makarantarmu, ta isa lafiya lau, aka yi ta sa mini albarka. Gaskiyar magana ita ce waɗannan na walimar saukar karatun Islamiyyar unguwarmu ne, na riga na cika baki cewa ni zan kawo, kuma ba na son a ce ta Malama ba ta isa ba. Na ce sai zagaye na gaba. Na rufe firiza, na ɗauko sabulu.

Kwana goma sha ɗaya tsakani Inna ta rasu.

Bayan sadakar bakwai, da jama'a suka ragu, muna kwashe kayan ɗakinta ni da Rabi, sai na ga kular a ƙarƙashin gado, an lulluɓe ta da tsohon zani. Na ce ashe tana ji da kwandon nan nata. Rabi ta ajiye abin da ke hannunta, ta zauna a bakin gado ta ba ni labari. Ta ce bayan sunan nan Inna ta yi kwanaki tana zancen sanyin abin da ta sha, wai har cikin ƙashinta ta ji shi. Da kanta ta tafi kasuwar Gwaram, ita da ba ta son shiga mota, ta tsaya gaban mai kayan roba tana tambayarsa wace kula ce za ta riƙe sanyi daga Birnin Kudu zuwa Dingaya. Duk ranar da kula za ta dawo, tun hantsi take zama a zaure. In mai babur ya sauke, ba ta bari kowa ya taɓa, ita ke shiga da ita ɗaki. Kafin ta buɗe sai ta ɗora tafin hannunta a jikin murfin ta ɗan jira. Sannan ta buɗe, ta fito da sabulu, ta ce Allah Ya yi wa ta Birnin Kudu albarka, ba ta gajiya.

Na tashi wa Rabi da faɗa, don mai laifi ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Na ce ke da bakinki, ga waya a hannunki, me ya hana ki faɗa mini ƙiri-ƙiri? Ta ce Inna ce ta sa ta rantse, ta ce in aka faɗa ya zama roƙo, ita kuwa ba za ta roƙi 'yar fari ba, balle abin da aka riga aka yi mata dariya a kai. Sannan Rabi, wadda ko aji shida ba ta gama ba, ta dube ni ta ce, "Yaya, ke da kike koya wa yara karatu, wa kika taɓa gani yana zuba mangwaro a kula?"



Yanzu in na je Dingaya nakan tsaya ina kallon yadda abubuwa suka canja. Akwai mai shago da ya sa sola da firiza a bakin hanya, ana samun ƙanƙarar zoɓo da ta tsamiya ko da tsakar rana. Nakan ce da Inna ta kai yau, da ta aika an sayo mata ba tare da ta jira kowa ba. Sai kuma in ce anya, don Rabi ta ce ko a wancan lokacin an taɓa kawo mata ta kasuwar Gwaram, ta lasa ta ba jikoki, ta ce ruwa ne da kala. Ta mangwaronta take so, daga hannun da ya yi waccan. Matan yanzu kuwa suna kiran 'ya'yansu na fari da suna gatsal, suna ɗaukar hoto da su, suna cewa wane sayo mini kaza in za ka dawo. Na san da Inna ta gani da ta riƙe haɓa ta ce duniya ta lalace. Na daɗe ina so in ɗora wa al'adar laifi, in ce ita ta rufe mata baki. Amma ba ta rufe ba. Inna ta yi magana sau uku, da abu shuɗi ƙato wanda makaho ma zai laluba ya gane, ni ce ban ji ba.

Da aka zo rabon kayanta ban nemi komai ba sai kular. Bishiyar tana nan tana 'ya'ya, Rabi ce ke aiko mini yanzu, a buhu. Kowace bazara nakan matse, in tace, in ƙulle, in cika kular Inna, in hau bas da kaina. Tsofaffin unguwar, ƙawayenta da suka rage, su nake kai wa, da niyyar Allah Ya kai ladan kabarinta. Na koyi abu ɗaya, a makare: in na miƙa musu sai in fita tsakar gida in ba su baya, ba na tsayawa kallo, ba na cewa uffan. Bakin nan nawa ma ya ragu, abokan aikina har tambaya suke ko lafiya. Malam yakan ce in daina azabtar da kaina, uwa ba ta riƙe 'yarta a zuci, kuma ai albarka ta yi ta sa mini har ta koma ga Allah. Na yarda ta yafe, ban taɓa shakka ba. Albarkar ce ma ta fi yi mini ciwo, don a kan sabulu ta sa ta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Malam. Duk shekara in na isa, a ɗakin Inna nake buɗe kular, kuma kafin in buɗe nakan ɗora hannu a murfin ina fatan in tarar ta narke. Ko sau ɗaya ne, in samu abin da zan riƙe, in ce ashe dama ba za ta iso ba. Bana motarmu ta yi faci bayan mun bar Birnin Kudu, muka yi fiye da awa guda a gefen titi cikin rana tsaka, mai babur kuma ya bi da ni ta doguwar hanya. Na shiga ɗakin, na durƙusa inda na saba gaishe ta, na ɗaga murfin. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya makwancinta. Ko guda ɗaya ba ta narke ba.