Tawadar da Na Shafa wa Mutane a Hannu

A shekarun farin nan na tamanin, zamanin mulkin soja, ni saurayi ne da bai daɗe da gama jami'a ba, aka turo ni Matameye koyarwa a koleji. Ni Kirista ne, kuma gidajen Kiristoci a garin kaɗan ne, muna taruwa ranar Lahadi a wani ɗakin laka a gefen gari. Na zo tare da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni tun ina ƙarami. Ba ta iya karatu ba, amma ta fi ni riƙon addini nesa ba kusa ba. Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure. Ko tambayar da na san amsarta aka yi mini, sai na sa mata wataƙila.

Damina ta zo ta wuce, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Mutanen ƙauyukan Tsauni da Kurni suka cika gari, maza suka tafi ci-rani Kano tun lokaci bai yi ba. Fastonmu, wanda dattijo ne, ya tafi Damagaram jinyar ido, sai wani ɗan'uwa da ya dawo daga Najeriya ya riƙa yi mana wa'azi. Ba zan ce mugun mutum ba ne, ina ganin tsoro ne yake cinsa kamar yadda yake cinmu. Kullum Wahayin Yahaya yake buɗewa, littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki, ya ce duk abin da ke ciki a zahiri zai faru, ba misali ba ne. Yunwa ga ta, takobi ga shi a hannun soja, abin da ya rage shi ne alamar dabbar nan, wadda za a sa wa mutane a hannun dama ko a goshi. Wanda ba shi da ita ba zai saya ba, ba zai sayar ba, wanda ya karɓe ta kuwa ya hallaka har abada.

Ana cikin haka manyan motoci suka iso da jar dawar taimako. Don kada mutum ya karɓa sau biyu, aka tsara cewa duk wanda aka auna wa, a shafa masa tawada shuɗiya a bayan hannun dama. Hukuma ta kira malaman makaranta su yi aikin, kuma ni aka miƙa wa kwalbar tawadar. A lokacin ba a ce wa hukuma a'a. Na zauna a kan benci, soja yana tsaye a bayana da bindiga, mata suna miƙo hannuwa kamar ƙirare, ina shafawa. A jami'a na karanta cewa malamai da yawa suna ɗaukar wannan alama a matsayin misali: goshi tunanin mutum ne, hannu aikinsa, kuma an rubuta maganar ne ga mutanen da ake tilasta wa sujada ga sarki. Zuciyata ta fi karkata can. Amma wata murya tana ce mini, idan fa ɗan'uwan nan ne yake da gaskiya, to da hannunka kake tura mutane wuta.

Rana ta farko da na koma gida, na tarar da gwaggo zaune a inuwar katanga, labari ya riga ni zuwa. Ta dubi yatsuna da suka rine, ta ja ƙwaryar ruwa gefe, ta ce, "Ɗan nan, kai ka yi karatu. Ita ce ko ba ita ba ce?" Da na ce ba ita ba ce, da ta yarda, domin ba ta taɓa musa mini ba a kan abin da yake rubuce. Sai na shiga yi mata bayani cewa masana sun kasu biyu, cewa a ganina mai yiwuwa misali ne, amma ba zan iya rantsewa ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, tunda ba ka sani ba, gara yunwa."

Ba ta je layi ba, kuma matan majami'armu da suka ji cewa mushe, wato malamin koleji, bai tabbatar ba, su ma suka ƙi zuwa. Ɗan hatsin da nake iya saya da albashina, ashe gwaggo tana raba wa waɗannan matan masu goyo, ita kuma ta dafa ganye ta ce mini ta ƙoshi. Maƙwabciyarmu Hajiya ta sha yi mini magana ta kan katanga, ta ce tsohuwar nan tana ƙarewa a gabana ina kallo. Na ji, na tsorata, amma kullum sai in ce bari in ƙara karantawa in tabbatar.

Da fasto ya dawo, ido ɗaya a ɗaure, bai tara kowa ba. Layi ya shiga kamar kowa, har ya iso gabana ya miƙo hannu. Da ya ga na tsaya, sai ya tambaye ni ko an ce wa wani ya musanci Almasihu kafin a auna masa dawa. Na ce a'a. Ya ce, "To shafa, mushe, mutane suna jira." Washegari matan suka zo. Gwaggo ma ta yarda, amma ƙafafunta sun riga sun kumbura, ba ta iya tashi. Zawo ya kama ta, muka kai ta asibiti, ba ta ga damina ta gaba ba.

Ban rubuto wannan don in ce masu ɗaukar annabci a zahiri duk ɓatattu ne ba. Har yau akwai wuraren da ban san fassararsu ba, kuma ban iya cewa da na amsa mata daidai da lalle ta rayu. Abin da na sani shi ne, duk mai firgita yana ganin zamaninsa a cikin littafin nan, kuma kowane fari da kowane yaƙi sai ya yi masa kama da na ƙarshe. Ina roƙon masu wa'azi, kafin ku ce wa mayunwaci ga alama ta bayyana, ku duba ko an nemi ya bar Ubangijinsa ne, ko kuwa kamanni kawai kuka gani. Ku kuma da kuka yi karatu, idan wanda ba ya iya buɗe littafi da kansa ya tambaye ku, ku tuna ba jarrabawa kuke amsawa ba. Shakkar da kuke gani taka-tsantsan ce, shi da ita zai yanke ko ya ci abinci ko ya bari.