Wutar Biki a Tablon Na Allah

Jama'a, a gyara zama, a kashe rediyo, mai tauna goro ya dakata! Ga Na Allah ɗan Hammadu, sarkin shoferorin Gidan Amumune wanda ba a naɗa ba, gwamnan rairayi, ministan awaki da buhunan hatsi, mutumin da motarsa ta girme ni, ta girmi yayata, kuma in an bincika da kyau ita ta kai uwata ɗakin miji.

Ƙanen kakata ne ta wajen uwa, saboda haka Kaka nake ce masa, kuma duk abin da na faɗa a kansa wasan jika ne, ba mai kai ni ƙara. Ni sunana Sha'aibu. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, har ajin sankiyam, ranar da lissafi ya fara shigo da haruffa na yi masa sallama.

Da amalanken jaki Na Allah ya fara, yana kwaso dammunan gero daga gonaki. Da ya tasa ya bi wani kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas a matsayin aparanti, wato yaron mota, ya sha zagi, ya sha sanyi a ƙarƙashin mota, ya dawo da gemu da tuƙi a hannu. Da abin da ya tara ya sayi basha, tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da tanti. Tun daga nan duk ranar kasuwar Mayahi shi ke kwasar mutane da dabbobinsu bayan sallar asuba, gari bai waye ba, ya dawo da su bayan magariba. Ba shi da surutu. Maganarsa ta yini guda ba ta cika kofin shayi.

Matsalar basharsa tablo ce, allon nan na gaban shofer mai allurai. Wutarsa ta yi ta raguwa shekara da shekaru har ta koma kamar garwashin da aka rufe da toka. Allurar gudu bai damu da ita ba, motar ba ta da gudun da za a auna. Allurar esansi ma, wato fetur, ya san cikin tankinsa kamar cikinsa. Amma allurar zafin inji, wannan ita ce ran motar, kuma tafiyarsa duk a duhu take, zuwa da dawowa.

Sai ya ƙirƙiro tasa dabara. Duk wanda ya zauna gaban mota, ko Alhaji ne mai babbar riga, aikinsa riƙe fitilar salula, wayar hannu. Can a hanya sai ka ji Na Allah ya ce, "Haska." Alhaji ya haska, ya leƙa allura, ya ce, "Kashe." Haka aka yi ta yi lafiya, har bara da kaka, ranar da Alhaji Maman Sani dillalin awaki ya yi barci da salular a aljihu. Kaka ya ce haska, shiru. Ya ji kunyar tayar da babban mutum, ya ci gaba. Kafin su kai Kanan-Bakashe inji ya dafe, hayaƙi ya turnuƙe. Sai da aka sayar da bijimin san da yake kiwo kafin motar ta sake tashi.

Matarsa Sa'adatu, wadda ni nake ce wa amaryata, ta yanke hukunci a tsakar gida, ina wurin ina cin ɗumame. "Sa ɗaya ne, ya tafi. In ya sake ƙonewa, sai ka koma ma jaki da tsufanka."

Na ce, "Amarya, ki sa ya ba ni tablon nan yini ɗaya. Rediyo nawa na tayar daga matattu a garin ga?"

Kaka ya ce, "Nawa ka kashe?"

Ta ce, "Ba shi."

Washegari da hantsi muka tura basha ƙarƙashin itacen bedi. Na zo da turnabis na kwance ƙusoshi da sikoc na naɗe waya da tsumma. Ƙusoshin tablon babu biyu masu kama da juna, ɗaya ma ƙusar kafinta ce aka buga. Da na zaro allon sai rairayi ya zubo mini a cinya, da ɓawon gyaɗa, da wani maɓallin riga. Na leƙa bayansa, na kwashe da dariya har na ƙware. Ampul, wato ƙwan fitila, uku ne. Ɗaya ta ƙone baƙi ƙirin. Biyun kuwa lafiyarsu lau, zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a kansu ya rufe su ruf, hasken yana ciki yana haska wa ƴaƴansa!

"Kaka, zo ka ga ɗan hayarka! Shekara da shekaru kana biya masa wuta!"

Na ɗaga turnabis zan fasa, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu.

"Kar ka taɓa."

"Laka ce fa, Kaka."

"Baƙo ne. Tun da ya shigo motar ga ba ta taɓa kifewa ba."

"Ai ba ka san yana ciki ba sai yanzu!"

"Shi ya sani."

"Injin fa ya ƙone."

"Ƙonewa daban, kifewa daban."

Na roƙe shi, na yi masa faransanci, na kira amarya ta sa baki. Ta leƙa, ta ce ita ma ba ta fasa gidan zanzaro ko a ɗakinta. Shi ke nan, an haɗe mini kai. Ga fitilu masu rai ba damar buɗe su, ga kasuwa gobe, ga sabon inji da ba a san halinsa ba.

Ina zaune ina cizon yatsa sai ga Sule abokina ɗan kabu-kabu ya wuce a kan babur, cikin babur ɗin ɗaure da zaren ƙananan fitilun nan na ado. Na miƙe na bi shi da gudu ina ihu kamar ya sace mini akuya. Batir ɗin babur ɗinsa da na mota ƙarfinsu ɗaya ne. Ya yanko mini taki guda daga ragowar da yake da ita, yana wani murmushi da ban gane ba sai daga baya.

Na wanke gilashin tablo ciki da waje har ya yi ƙyalli. Na cire ampul ɗin da ta ƙone, na haɗa zaren da wayoyinta, don ya riƙa kamawa tare da fitilun gaba. Na zagaya da shi gefen allurai, na kauce wa gidan baƙo da ladabi, na naɗe da sikoc, na mayar da komai har ƙusar kafinta.

Da magariba ta yi, aka idar da salla, rabin unguwa ya taru. Kaka ya shiga, ya murɗa makulli, ya ja fitila.

Ja! Kore! Shuɗi! Ja kuma! Ashe zaren Sule mai canza launi ne. Tablon da ya yi shekaru yana gyangyaɗi ya koma filin biki, gemun Kaka yana zama kore yana komawa shuɗi. Mata suka rangaɗa guɗa, Sule ya faɗi ƙasa don dariya, ni kuwa na yi tsalle na doki rufin mota. Amma allurar nan, wallahi, tana tsaye fes a kowane launi, ko daga waje kana ganinta. Kaka ya dube ta ya daɗe. Ya kashe mota ya shiga gida.

Da asuba na cusa kaina gaban mota tsakaninsa da Alhaji Maman Sani, giya tana dukan gwiwata. Baya cike da awaki da mata masu nono. Ba mu bar gari sosai ba Alhaji ya fara minshari. Muka shiga rairayi mai zurfi, inji yana nishi, ni idona a kan tablo kamar mai kallon wasan ƙwallo. Allura tana tsakiya. Tana tsakiya. Sai ta motsa. Ta ƙara. Ta fara hawa da sauri kamar an kore ta!

Na buɗe baki zan yi ihu, ashe Kaka ya riga ni gani. Da idonsa, ba haska ba kashe. Ya sauka gefe ya kashe inji nan take.

Muka buɗe gaban mota. Tiyon ruwa na radiyater ne ya tsage, ruwa yana tsiyaya cikin rairayi. Kaka ya jira ƙarfe ya huce, ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya sunsuna, ya zaro sandar mai ya duba. Lafiya lau. Ya yanke wurin da ya tsage, ya mayar da tiyon ya ɗaure da waya. Alhaji ya farka yana tambaya ko mun iso.

Ni fa sai na haye kan tudu na fuskanci jama'a. "Ku shaida! Mata ku shaida, awaki ku shaida! Yau Sha'aibu ya ceci inji, ya ceci kasuwa, ya ceci tsoho! Kaka, faɗa musu da bakinka, wane ne injiniyan Gidan Amumune? Faɗi, kar ka ji kunya!"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya jawo wata jarka daga bayan kujera ya miƙo mini.

"Rijiya na bayan gawon can. Ka yi sauri."